Yadda Na Zama Yaron Sabo a Kumasi

Ku matso kusa, ku da kuka ishe ni da tambaya. Tun da na dawo ba ni da sakat. A ƙofar masallaci a tare ni, a teburin mai shayi a tare ni, hatta mabugan da nake kai wa riguna sai su dakata da bugu su ce, "Malam Tanimu, wai yaya cikin jirgi yake?" Na gaji da cewa sai godiya. Shi ya sa na sayi littafin rubutu, na ce bari in zazzage muku shi gaba ɗaya da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Inda kuka ga layi ya karkace ku yi haƙuri, hannun allura ne, ba na alƙalami ba. Kuma tun kafin mu yi nisa gara ku ji daga bakina: ban hau jirgi ba. Na je Kumasi, na dawo, ko matattakalarsa ban taka ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai ɗinkin hannun nan da ke zama a zaure kusa da Ƙofar Kuyambana. Abokin tafiyata kuwa Alhaji Sabo ne. Tare muka tashi, rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya, tare kuma aka zaunar da mu gaban mahaifina mu koyi ɗinki. Sabo bai cika shekara ba ya gudu. Baba, Allah ya ji ƙansa, ya ce a rabu da shi, yaron nan bakinsa ya fi allurarsa tsini, kasuwa ce gidansa. Haka kuwa aka yi. Ni na zauna da allura, shi ya riƙa ɗaukar abin da allura ta yi yana kaiwa ƙasashe.

Tunda na yi niyyar faɗin gaskiya, to ina jin ƙyashin Sabo, kuma ba yau aka fara ba. Ba motarsa ce ta dame ni ba, ba kuma benen da ya gina a Tudun Wada ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ya dawo daga tafiya ya shigo zaurena yana ƙamshi, jakarsa duk takardun jirgi a manne, ya ƙi ɓamɓarewa da gangan. Sai ya miƙe ƙafa ya ce, "Tanimu, ka san gajimare daga sama kamar auduga yake?" Mutane su bar kallon rigar mai aikin aska takwas da ke kan cinyata su koma kallon bakinsa. Ni in ce masha Allah, in soka allura inda bai kamata ba, in warware.

To wata rana sai ga shi da magana. Akwai wani attajirin goro a zangon Kumasi, Alhaji Gariba, da za a naɗa shugaban fataken goron unguwarsu. Shi ne mai rigar da na shafe wata biyar a kanta: farin saƙi, aska takwas da zaren tsamiya, tambari a ƙirji, tambari a baya. Ban taɓa yin wadda ta kai ta ba. Sabo ya ce wannan karon tare za mu, in ga duniya, kuma ta sama. Wallahi sai da na tambaye shi sau uku.

Kun dai ga abin da na yi, ba sai na tuna muku ba. Na bi gida gida ina sallama. Na yi sadakar waina. Mai ɗakina Asabe ta yi mini dambun nama cike da gwangwani, ta ce in an kawo abincin jirgi kada in ci sai na tambayi wanda ya yanka. Liman ya yi mini addu'ar da ko mai tafiya Makka sai haka. Aka raka ni har bakin ƙofa, ina ɗaga hannu kamar sabon hakimi.

A filin jirgin Kano na fara sanin matsayina. Muna layin awon kaya sai na ji Sabo yana ce wa ma'aikacin, "Mu biyu ne, ka haɗa nauyin." Ashe kowane fasinja akwai nauyin da aka yarda ya shiga da shi, mutum biyu kuwa sun fi ɗaya. Na ce, "Au, Sabo, duniyar da zan gani ke nan? Jaki ka ɗauko?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Tanimu, wane jaki ne ake saya wa kujera kusa da taga?" Na haɗiye, don maganar tagar ta ɗan sanyaya mini rai.

Ba a ko gama awon ba sai aka ce a dakata. Muka zauna tun hantsi har la'asar. Ga jirgin can ina hango shi ta gilashi, fari fat, ko motsi ba ya yi. Wani Bakano da ke kusa da ni, malamin makaranta ne, da ya ji bakina ya ce, "Bazazzagi ne a jirgi? Shi ya sa ya ƙi tashi." Na ce, "Ai gudun kada ya sauke Bakano a hanya ne ya buɗe kanti a gajimare." Muka yi dariya, sannan ya yi mini bayani. Ya ce gwamnati ce ta ƙaƙaba sabon haraji a kan duk wanda zai tashi sama, ta ce kamfanonin jirage su karɓa su kai mata. Su kuma suka ce ya yi nauyi, zai kore musu fasinja, kuma su ba masu unguwa ba ne da za su riƙa bi suna tara haraji. Sai suka haɗu suka kai gwamnati ƙara kotu. Namu kamfanin ya ce ba zai tashi ba sai alƙali ya yi magana.

Na ce, "Tsaya, malam. Gwamnati aka kai ƙara? Gaban wa?" Ya ce gaban alƙali. Na ce, "Shi alƙalin wa ya naɗa shi?" Ya ce in ci goro in bar siyasa. Ni dai na san harajin kai, na san jangalin shanu, ban taɓa jin na iska ba. Kuma a cikin birni ko mai unguwa ne ya taka ka, sai dai ka ce ranka ya daɗe, ƙafarka ba ta ji ciwo ba? Har yau ban tantance ko gwamnatinmu ce ko ta inda za mu sauka ba. Na tambayi mutum uku, na sami amsa huɗu.

Kwana biyu muka yi a gidan wani abokin cinikin Sabo a Fagge muna jiran alƙali. Rana ta uku aka ce an ɗaga shari'a. Naɗin Alhaji Gariba kuwa ba a ɗaga shi ba. Sabo ya karɓo kuɗin tikiti ya ce sai mota.

To ku da kuka san hanya, motar Kano zuwa Ikko ta ina take bi? Ta Zariya. Da muka doshi Kwangila na zame ƙasa a kujera, na ja hula har hanci. Direba kuwa bai tashi shan mai ba sai nan. Ina lafe ina salati sai na ji an ƙwanƙwasa gilashi. Malam Audu mai rake ne na bayan gidanmu, wanda ya ci wainar sadakata har da neman ƙari. Ya leƙo ya ce, "A'a, Malam Tanimu! Jirgin naku ta ƙasa yake bi?" Na ce masa wannan motar kai mu jirgi ce. Ya ce, "To Allah ya sa ku cim masa." Malam Audu, na san kai ka fara baza maganar nan, na yafe maka, amma ban manta ba.

Hanyar Ikko ba abin da zan ce sai dai ƙugu ya faɗa. A Jebba na ga ruwan Kwara, na sayi soyayyen kifi, ƙaya ta maƙale mini har Ilori. A Ikko muka sauka Agege wajen Hausawa, ɗaki ɗaya mu tara, da wani mahauci mai minshari kamar injin niƙa. Abin da na lura da shi, duk inda muka sa ƙafa an san Sabo. Mai masauki ya san shi, mai shayi ya san yawan sukarinsa, 'yan kamasho na rige-rigen ɗaukar jakarsa. Ni kuwa sai a dube ni a ce, "Sannu baba, matsa ka ba Alhaji wuri." Alhali na girme shi da wata huɗu kawai.

Daga nan sai iyaka. Iyaka uku muka ƙetare, kowace da irin fitinarta. A ta farko aka ce in kawo katin allurar rigakafi, na laluba na laluba, ashe Asabe ta cusa shi a cikin gwangwanin dambu don kada ya ɓace, ya sha mai ya zama kamar takardar tsire. Ma'aikacin ya riƙe shi da yatsa biyu ya shinshina. Wata 'yar kasuwa Bayarabiya da muke mota ɗaya, mai Hausa kamar jakin Kano, ta ce, "Baba, ba shi naman mana, kana ganin katin ya tayar masa da yunwa." Rabin gwangwani ya tafi a nan.

A Kwatano na ga burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa sai da ya fasa mini dasashi. Na ga man fetur a kwalba a bakin titi kamar man gyaɗa. Sabo kuwa sai ya juye harshe yana Faransanci da jandarmomi, suna kyakkyata dariya. Na tambaye shi a ina ya koya, ya ce a hanya. Na ce a raina, ni ma da an bar ni na yi hanyar. A Lome na ga teku ido da ido. Na daɗe ina kallo. Abin da ya zo mini kawai shi ne, wannan ruwa haka, ga mu can cikin birni muna layi a bakin famfo.

A iyaka ta uku ne aka ce a sauke kaya duka. Wani ma'aikaci mai gaggawa, maimakon ya kwance igiyar ƙunshinmu, sai ya zaro reza ya tsarge ta. Ya ɗaga riga ɗaya biyu ya ce mu wuce. Mota na ta oda, muka ƙulle da sauri muka hau. Babu wanda ya duba ciki.

Kumasi gari ne na ruwa da ganye. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne mazan ƙasar, manya masu furfura, zane suke yafawa, kafaɗa ɗaya a waje. Na ce wa Sabo, "A nan mai ɗinki da me yake cin tuwo?" Kasuwa kuwa mata ne ke riƙe da ita, namiji sai dai ɗaukar kaya. Muka wuce wani taro ana kiɗa ana rawa, kowa da baƙin zane da ja, na ce biki ake yi? Aka ce mutuwa aka yi. Ban san ko barka zan ce ko ta'aziyya ba. Amma da muka shiga zango sai na ji kamar na dawo gida: kiran salla, koko da ƙosai, manyan riguna. Hausarsu ce dai sai ka kasa kunne. Mu Zagezagi da ake tsokana wai ba mu raba mace da namiji a magana, a zo a ji nasu. Mutum zai ce maka matarsa ya tafi kasuwa, ko a jikinsa.

Alhaji Gariba dattijo ne fari, siriri, haƙoransa ja da goro. Ya ce kakansa daga Zazzau ya zo da jakuna, shi kuwa bai taɓa ganin ganuwar ba. Al'adarsu sai an ba baƙo ruwa ya sha, an bi layi an gaisa daga dama zuwa hagu, sannan a tambaye shi abin da ke tafe da shi, ko da an sani. Duk aka yi wannan. Sai dattijon ya kama hannun Sabo na dama da hannu biyu, ya juya wajen jama'arsa ya ce, "Ku kalli hannun nan da kyau. Duk rigar da kuka taɓa gani a jikina kuka yaba, shi ya ɗinka. Gwanin Zazzau ke nan."

Na ɗauka kunnena ne. Na dubi Sabo. Sabo ya dubi tabarma ya ce, "Ikon Allah ne, Alhaji."

Dattijon ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan fa? Yaronka ne?"

Sabo ya ce, "E to, Tanimu ke nan. Yana taimakawa."

Jama'a, ban san yadda zan rubuta muku abin da na ji ba. Shekara goma sha ina ɗinka wa mutumin nan riguna. Na san faɗin kafaɗarsa, na san ba ya son wuya mai matsewa, na san yana son aljihu mai zurfi. Idona na hagu a kan rigunansa ya fara raguwa. Yau ga ni gabansa, yana taimakawa. Aka kai Sabo ɗaki mai fanka, aka kai masa sakwara da miyar kaza. Ni aka ajiye mini dokunu, wani ƙullin masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da barkono da kan kifi, a barandar da direbobi ke zama. Dokunun ma ba laifi in ka saba. Ban saba ba.

Da la'asar aka taru a tsakar gida don a ga riga, saura kwana biyu naɗi. Sabo ya kwance ƙunshi, ya ɗaga ta da fahariya, ya warware. Ashe rezar nan ta iyaka ta ratsa ninki, ta tsaga tambarin ƙirji gida biyu, ta ci askar farko, tsawon tafin hannu. Zaren tsamiya ya yi tsaye kamar gemun bunsuru. Wata biyar! Ni da kaina sai da na ce inna lillahi da ƙarfi.

Alhaji Gariba ya shafa wurin a hankali. Can sai ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi da jirgi bai tashi ba, har hanya ta haɗa mu da wannan. Da ma ina da buri in ga hannun nan yana aiki kafin in mutu. Mai ita yana nan, me za mu ji? Gobe da hantsi a shimfiɗa tabarma, a kira maɗinkan zango su zo su ga yadda ake yi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi ya kama ni. Na ci dokununa tas, har na nemi ƙari. Sabo ya aiko a kira ni sau biyu, na ce a gaya masa yaro ya gaji, yana hutawa. Na ce yau shekara da shekaru ina jiran gobe.

Da hantsi tsakar gida ta cika. Maɗinka sun fi goma, ga dattawa, ga mata na leƙe ta taga. Aka zaunar da Sabo a kan darduma, aka ɗora masa riga a cinya. Na ciro allura daga hulata da sauran zaren tsamiya da ba ya rabuwa da aljihuna, na miƙa masa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Na ce, "Bismilla, gwani." Na koma gefe na harɗe.

Ya ɗauki allura. Ya lashi zare. Ya kai, ya kuskure. Ya sake lasa, ya sake kuskurewa. Ya ce hasken wurin ne, aka gyara masa zama. Wani maɗinki ya dubi ɗan'uwansa. Na ga gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Sai ya ɗago ya dube ni. Ba kallon Alhaji mai jaka da takardun jirgi ba ne. Irin kallon da ya yi mini ne muna yara, ranar da Baba ya ɗaga bulala a kan hular da ya ɓata.

Abin da zan ce in tona masa asiri a shirye yake a bakina, na kwana ina gyara shi. Kalma biyar ce ko shida. Amma sai na dubi dattijon nan da ya tara jama'a yana alfahari da garin kakansa, na dubi maɗinkan da za su kwashe labari su ce ga yadda mutanen Zazzau suke. Kuma uwar Sabo, Allah ya gafarta mata, ta sha ɗauke ni daga bakin murhu. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "Alhaji, a gafarce ni, yaro zai yi magana. Maigidana kunya ce ta hana shi faɗa muku. Mu a Zazzau gwani ba ya gyaran ɓaraka. Hannun da ya fara riga ba ya komawa ya yi mata faci, in ya yi, kwarjininta ya tafi. Wannan aikinmu ne, mu yara."

Wallahi babu wannan al'ada a Zazzau. A nan take na yanka ta na ɗinke. Amma dattawa sai gyaɗa kai suke, wani ma ya ce ya taɓa jin haka wajen kakansa. Alhaji Gariba ya ce, "Subhanallahi, mun so mu yi kuskure. Gwani, ka yafe mana jahilci." Sabo ya miƙo mini riga ya ce, "Ba komai, Alhaji, ba a son a ƙi maganar babba ne."

Na zauna. Da allura ta shiga hannuna na manta da kowa. Na sa ƙyalle ta ciki na kama tsagar, na tsefe zaren da ya yanke har inda yake da rai, na bi tambarin daga cibiyarsa ina zagayowa, ɗinki a kan ɗinki. Maɗinkan suka matso har numfashinsu na dukan wuyana. To a nan ne fa Sabo ya farfaɗo. Ya miƙe ya goya hannu a baya yana zagaya ni. "Kai Tanimu, ja zaren da kyau." Can kuma, "Sau nawa zan gaya maka kada ka yi gaggawa a bakin aska?" Sunayen abin duk ya sani, ai a zaurenmu ya ji su. Na ce, "To, maigida. Ai duk abin da na iya, zama kusa da kai ne." Ya ce, "Madalla." Da allurar nan ta fi haka tsawo, da na san inda zan soka ta.

Kafin la'asar na gama. Aka ɗaga riga a rana, aka juya ta ciki da waje, aka rasa inda tsagar take. Wani tsohon maɗinki ya sa tabarau ya nema ya gaji. Sai ya juya, ba wajena ba, wajen Sabo, ya ce, "Allahu akbar! In yaron ke nan, ina ga maigidan?" Wuri ya ɗauki kabbara. Aka yi ta layi ana shafa hannun Sabo. Ni aka ce a ƙara mini kifi.

Da muka keɓe bayan magariba na ce, "Sabo, tun yaushe?" Ya ce, "Tanimu, wallahi ban taɓa cewa ni nake yi ba. Su suka ce, ban musa ba." Na ce, "Shekara goma sha ba ka sami ranar musawa ba?" Ya ce mutanen nan ba riga kaɗai suke saya ba, so suke su ce sun ci abinci da wanda ya yi ta. Ya ce in tuna shi ke kwana a tasha, shi jandarma ke zagi, ni ina zaure ina shan fura. Na ce, "Ka ɗauki furar ka ba ni sunana." Sai ya ce, "Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka." Na ce amin, don addu'a ba a ƙin ta.

An yi naɗi lafiya. Rigar ta yi abin da aka yi ta domin shi, da dattijon ya ɗaga hannu sai da mata suka rangaɗa guɗa. Kashegari labari ya zo wai jirage sun fara tashi, an ce kamfanonin za su riƙa karɓar harajin ana ci gaba da shari'a. Na ce a raina, ko ba suna, ai ga taga. Sai Alhaji Gariba ya kira mu. Ya ce bai kamata hannu irin wannan ya sake shan wahalar mota ba, ya aika Ankara, babban birnin ƙasar, an yanko wa gwani tikiti, harajin ma ya biya. Sannan ya nuna huhun goro guda huɗu, tukuici. Ya ce, "Yaro sai ya biyo da su ta ƙasa. Ka riƙa yayyafa musu ruwa, ka ji?"

Na dubi Sabo ko zai ce wani abu. To amma me zai ce? Ni na ce ni yaro ne, a gaban shaidu.

Kwana biyar na yi a hanya, ni da goro, ina shayar da shi kamar jinjiri. A kan hanyar Ankara na ji ƙara a sama, na leƙa ta jikin motar, ga shi can yana walƙiya. Ban ce Sabo na ciki ba, ban ce ba ya ciki ba, amma na yi masa kallon da ya dace. Da na iso gida na tarar har ya huta, ya yi aski, yana zaune a zaurena yana ba ku labarin gajimare.

Shekaranjiya kuma sai ga shi da shadda turmi uku da wasiƙa, wani ɗan goro ya kawo daga Kumasi. Ya karanta mini, yana karantawa yana kauce wa idona. Alhaji Gariba na gaisuwa, yana son riguna uku na 'ya'yansa. Ya ce gyaran yaron nan ya yi kyau, Allah ya yi masa albarka, in ya dage zai zama wani abu. Amma waɗannan ukun yana roƙon arziki kada a bar yaro ya taɓa su. Hannun maigidan yake so, tun daga farko har ƙarshe.

Ga shaddar nan a gefena, ban sa mata almakashi ba. Ga kuma sauran shafi biyu a littafin nan, sun isa wasiƙa. To ku da kuka matsa sai kun ji labari, kun ji. Ku gaya mini, in rubuta wa dattijon nan gaskiya, ko in zura allura?